Ido na dishi-dishi, hadda kuma ta ƙi zama: wayar ce?

Tela daga Tudun Wada, Gusau:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata 27, ɗinki nake yi. Wata shida ke nan, in na ajiye waya zan zura zare a allura, sai in ga ramin ya yi hazo, sai na murza ido kafin ya fito. Idon kuma na ƙaiƙayi kamar an watsa yashi. Amma haddata ta fi damuna. A da bayan Asuba ina riƙe rabin shafi, yanzu aya uku kawai hannuna ya tafi aljihu, ko wayar ba ta yi ƙara ba. A Satumban 2021 da aka katse layukan waya a Zamfara, kasuwa ta tsaya, mun wahala, amma a makonnin nan na yi tilawar da ban yi a shekara guda ba. Shi ya sa nake zargin wayar. TikTok nake kallo cikin duhu har ƙarfe ɗaya na dare. Idon ne ya lalace ko ƙwaƙwalwar?

Ma'aikaciyar jinya, Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam ƙanena. Mutum kan ƙifta ido sau 15 zuwa 20 a minti, amma in ya ƙura wa waya ido ƙiftawar kan ragu sosai, sai idon ya bushe, ga ƙurar hunturu. Hazon kuma, tsokar da ke daidaita gani ce ta gaji, don ɗinki da waya duk kallon kusa ne. Duk minti 20 ka ɗaga kai ka dubi abu mai nisan mita shida, kamar shagon tsallaken titi, na daƙiƙa 20. Ka je a auna maka ido, don Allah, kada ka sayi tabarau ko maganin ɗigawa a bakin kasuwa.

Malamin sakandare, Ƙauran Namoda:
Malam, ƙwaƙwalwarka lafiya lau, sabo ne ka koya mata. Bidiyon daƙiƙa talatin ya saba mata da jiran sabon abu, shafi kuwa haƙuri yake so. A 2011 Betsy Sparrow ta Jami'ar Columbia a Amurka ta nuna cewa mutum ya fi manta abin da ya san an adana masa a kwamfuta. Ina gani a ɗalibaina: su ɗauki hoton allo, su kasa faɗin abin da ke kai. Sannan cikin barci hadda take zama. Wanda ya kwanta ƙarfe ɗaya ya tashi Asuba, ina za ta zauna? Ni bayan Isha'i a falo nake barin wayata.

Tela daga Tudun Wada, Gusau:
Na gode Anti, na gode Malam. Daren jiya na ba Inna wayar ta ajiye min. Sau huɗu na laluba ƙarƙashin filo. Ranar Litinin zan je awon idon in sha Allahu.