Neman shawara a kan tsohuwar motar wasa ta kamfanin Takara da na samu a gwanjo

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum. Kusan shekara shida ke nan ina tara tsofaffin kayan wasan yara na Japan, musamman masu rikiɗa daga mota zuwa mutum-mutumi. A makon jiya, a kasuwar Katangua, na ci karo da wata jar tirela a ƙasan buhun gwanjo, wadda ke ɗauke da hatimin kamfanin Takara da sunan Japan a jikinta. Ba ta da kwali, kuma dunƙulen hannu ɗaya ya ɓata. Zuciyata na raya mini cewa Battle Convoy ce ta jerin Diaclone, amma ina tsoron kada son abu ya rufe mini ido. Ta yaya zan tabbatar?

Malamin Idi-Araba:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Hatimin nan shi kaɗai ba hujja ba ne, kuma a nan ne masu tarawa da yawa suke yin tuntuɓe. Takara ta fara jerin Diaclone a 1980, ta fitar da Battle Convoy a 1983, sannan kamfanin Hasbro na Amurka ya karɓi lasisi ya sayar da ita a 1984 da sunan Optimus Prime. Tun da Takara ce ta ci gaba da ƙera na farko-farkon da aka kai Amurka, su ma suna ɗauke da sunanta da na Japan. Saboda haka ka duba takardar da ke manne a gefen tirelar: ta asali tana da rubutun Diaclone, ta Amurka kuwa tana da tambarin fuskar Autobot, wato rundunar mutum-mutumin da Optimus Prime ke jagoranta. Idan ka ga wani ɗan baƙin tambari mai sauya launi in an murza shi da yatsa, to daga 1985 zuwa sama aka yi ta, domin a shekarar aka fara manna shi. Akwai kuma ƙananan direbobi masu maganaɗisu a tafin ƙafa da ke zuwa da Diaclone, waɗanda Hasbro ta cire, ko da yake da wuya ƙaramin abu irin wannan ya tsira a cikin buhun gwanjo.

Ɗan Agege:
Na gode, Malam. Na duba, takardar gefen ta ɗaye gaba ɗaya, sai tabon gam kawai ya rage.

Hajiyar Obalende:
Ƙanena, ko ta Amurka ce ta 1984 ka yi tsintuwa, amma ni abin da ya fi damuna shi ne ajiya. Ina da mutum-mutumin ƙarfe Mazinger Z na jerin Chogokin, wanda kamfanin Popy, reshen Bandai a lokacin, ya fara fitarwa a 1974, kuma damina biyu kacal ya yi a cikin kabad kafin fentinsa ya fara kumbura, ƙusoshinsa suka yi tsatsa. Har yau abin yana mini ciwo. Laimar Legas ba ta raga wa ƙarfe, rana kuma tana mayar da farar roba ruwan ɗorawa. Ka sa motar taka cikin roba mai murfi tare da ƙunshin ƙwayoyin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin takalmi, ka nisanta ta da taga, kada kuma ka goge ta da fetur ko kananzir kamar yadda wasu 'yan kasuwa ke yi don kaya su yi ƙyalli.

Malamin Idi-Araba:
Gaskiyar Hajiya ce. Game da hannun da ya ɓata, ana samun irinsa a Mandarake, kamfanin da ke sayar da tsofaffin kayan wasa, wanda babban shagonsa ke Nakano a Tokyo, ko a gwanjon Yahoo na Japan, sai dai yawancin masu sayarwa a can ba sa aikawa ƙasar waje, dole ka bi ta dillalai irin su Buyee. Ka lissafa ladan dillali, da kuɗin jirgi, da na kwastan, da canjin Yen zuwa Naira kafin ka taya. Amma kada ka sayi komai tukuna. Ka ɗauki hoton hatimin da na cikin tirelar a cikin hasken rana ka turo mana, mu kwatanta da tawa.