An yi mini canji zuwa Yauri: in kwashi iyali ko in tafi ni kaɗai?

Salamu alaikum jama'a. An yi mini canjin wurin aiki daga Birnin Kebbi zuwa Yauri, wata mai kamawa zan fara. Maiɗakina ta ce ƙafata ƙafarta, amma Hajiyarmu ta kafe, wai garin bakin kogi ba wurin ƙananan yara ba ne, ga namu ba su yi wayo ba. Ni ban san garin ba, wucewa kawai nake yi in za ni Kontagora. Waɗanda suka san wurin, don Allah a ba ni shawara.

Haifaffen Yelwa, babban garin Yauri: Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, wanda ya tsaya bakin titi bai ga Yauri ba. Ka yi sammako ka gangara bakin kogin Kwara lokacin da masunta ke dawowa, ka ga giwan ruwa, tarwaɗa da ƙurungu suna motsi a gindin kwale-kwale, mata sun shiga ruwa har gwiwa suna ciniki tun jirgi bai gama tsayawa ba. Kifin da kuke ci a Birnin Kebbi sai an karɓi albashi, mu shi ne miyar yau da gobe. Ga banda, ga warangi, ga albasar Gungawa, mutanen tsibiran kogin, buhu-buhu. Kwaso iyalinka, abinci dai ba zai zama damuwarka ba.

Wata ma'aikaciyar jinya: Malam, kada daɗin kifi ya sa ka raina maganar Hajiya, akwai gaskiya a ciki. Sauro na nan, gidan sauro dole ne ko da rani. Abin da baƙi ba su cika sani ba shi ne tsargiya: yaro ya yi ta wanka a ruwan da ya kwanta, bayan wani lokaci ka ga jini a fitsarinsa. Tana da magani, amma hana su shiga ya fi sauƙi. Sai maganar gida. Kada ka kama haya da rani don ka ga tsakar gida fes. Duba gindin bango ko akwai shatin ruwa, ka tambayi maƙwabta inda ruwa ke kaiwa a Agusta da Satumba.

Dattijo: Yaro, Kwara ba irin gulbinku na Birnin Kebbi ba ce. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya koro baya har nan, tsibirai da yawa suka nutse, aka sake wa mutane matsuguni. Kuma sau biyu take kawo ruwa: na damina mai laka, sannan da hunturu wani ya iso daga can ƙasar Gini, ya biyo ta Mali, alhali nan ko ɗigo ba a yi ba. Baƙo sai ya ɗauka ruwa ya ja tunda sama ta ɗauke. Mu da muka tashi a nan ba mu shiga jirgi da magariba, ba mu shiga wanda aka danƙara wa buhuna da babura. Ba mu manta hatsarin da aka yi wajen Wara ta ƙasar Ngaski a Mayun 2021 ba, gomman mutane suka rasu. Allah ya jiƙansu. In an miƙo maka rigar ruwa, sa, kada ka ji kunya. Dorina ma akwai, in Sarkawa suka ce kada a bi nan, to kada a bi.

Haifaffen Yelwa: Baba, kun tsorata shi ai! Ku ba shi labarin Rigata mana, ranar da jirage ke tsere da kiɗa, gari ya cika da baƙi har gidan saukar su ya yi wuya. Kuma Mai Martaba Sarkin Yauri Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, kafin sarauta, shi ne shugaban Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato. Ba ƙauye za a kawo ka ba.

Direban hanyar Jega: Ni hanya na sani. Ta Jega da Koko za ka bi, ka tashi da safe ka isa da rana tsaka. Tun da 'yan bindiga suka sace ɗalibai a makarantar gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri a 2021 mun rage tafiyar dare. Birnin Yauri daban, Yelwa daban, amma kafin ka shiga ƙauyuka ka tambaya a tasha.

Wata uwa: Ƙanena, kada ka ja da Hajiya. Je ka kai kaɗai ka ga damina da idonka, ka samu gida a kan tudu, sannan ka ɗauko Hajiyar ita ma ta kwana biyu. Surukata haka ta yi ta faɗa, yanzu ita ke aiko a sayo mata banda.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na ji, magariba ba za ta same ni a jirgi ba. Zan fara zuwa ni kaɗai, yara su biyo in ruwa ya ɗauke. Saura abu ɗaya: wace unguwa ce ke kan tudu kuma ba ta da nisa da asibiti, nawa ake kama ɗaki biyu da falo a shekara?