Wa ya taɓa cin abinci a ɗan shagon 'yan Chana na cikin unguwa?

Yaron Shago, Kwari:
Salamu alaikum jama'a. In Allah Ya yarda watan Oktoba zan raka maigidana birnin Gwanzu na ƙasar Chana, baje kolin nan na Canton, kuma ita ce fitata ta farko. Tun da aka buga min biza Inna ta hana kanta sakat. Ta haɗa min garin kwaki, ƙuli, zuma, har da kilishi, wai can in ka yi sake kare za a ba ka. Maigida kuwa ya ce shi duk zuwansa a wani ɗan shago na bayan masaukinsa yake ci, ba ya zuwa na Larabawa da Turkawa saboda tsada. Ni ko a nan Kano ban taɓa zama gaban abincin Chana ba. Wanda ya taɓa shiga irin ƙananan shagunan nan na cikin unguwa, ba na otal ba, ya faɗa mana yadda ta kaya. Kada a ɓoye min komai.

Alhajin Takalma:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kilishin nan ka raba wa yaran gida, kwastam ɗinsu ba sa barin a shiga da nama. Ƙuli da yaji dai ka riƙe.

Shagon da maigidanka yake nufi, ko ban gani ba na san irinsa. Allo kore ne a saman ƙofa, da hoton kwanon taliya, da haruffa biyu haka: 清真. Ana karanta su cingjan, ma'anarsu halal. Ka ɗauki hotonsu ka ajiye a waya, domin a 'yan shekarun nan hukuma ta sa an cire rubutun Larabci daga allunan shaguna a garuruwa da yawa, wanda yake jiran ya ga "halal" da baƙin Larabci zai sha tafiya. Masu shagunan Musulmi ne 'yan ƙabilar Hui, za ka ga maza da farar hula, mata da ɗankwali. Abincin ana kiran sa taliyar Lanzhou, babban birnin lardin Gansu ke nan, amma in ka tambaye su, da yawansu daga lardin Qinghai suka fito, kuma yawanci gida guda ne ke aikin: uba a kan kuɗi, uwa a kicin, ɗa yana jan taliya.

Jan taliyar nan shi ya fara tsayar da ni a titi, a unguwar Xiaobei ta Gwanzu inda baƙaƙen fata suka fi yawa. Yaro ne da bai fi shekara ashirin ba, ya ɗauki curin kwaɓaɓɓen fulawa ya miƙar da shi iyakar tsawon hannunsa, ya ninka, ya sake ja, ya buga shi a kan tebur fau, ya sake ninkawa. Kafin ka ƙirga ashirin curin ya zama zare sirara rataye a yatsunsa, ya cilla su cikin tukunya. Babu inji, babu wuƙa. Minti biyu aka dire min kwano: romon shanu garau kamar ruwan shayi, yankan nama siri-siri guda biyar ko shida (kada ka sa ran tsoka irin ta mai balangu), wani farin tushe yankakke, lawashi da ganye mai ƙamshi, sai jan man barkono yana yawo a sama. Da na gama na ce nawa, ya ce "kwai" goma sha biyu. Na ce ai ban ci ƙwai ko ɗaya ba! Ashe kwai sunan kuɗinsu ne a baki, yuan ake nufi. Har yau in na shiga shagon uban yana tsokanata da wannan, don wani ɗan Nijar ya fassara masa abin da na ce.

Maman 'Yan Biyu, Abuja:
Ni ban je Chana ba, amma akwai wani shagon abincinsu a kusa da mu da muke zuwa da Abban yara. Abin da na gano shi ne takardar abincinsu biyu ce. Wadda ake miƙo mana mai hotuna ce, soyayyar shinkafa, kaza mai zaƙi-zaƙi da tsami, naman shanu da tattasai. Rannan wasu injiniyoyinsu suka shigo su shida, aka kawo musu wata takarda daban da rubutunsu, teburinsu ya cika da abubuwan da ban taɓa gani a tamu ba: kifi guda cur da kansa da wutsiyarsa, ganye iri uku, ƙafar kaza. Na kira yarinyar da ke kawo abinci, 'yar Binuwai ce, na ce ni ma a kawo min abin cikin jan kwanon can. Ta ce Madam ba za ki iya ba. Na ce yarinya, Bakanuwa kike faɗa wa yaji? Aka kawo. Awara ce fa, awara tamu ta waken suya, sai dai ba a soya ta ba, laushi kamar kindirmo, tana iyo a jan mai. Loma ta uku leɓena ya mutu. Ba zafin attaruhu ba ne, wani zir-zir ne kamar an yi min allurar cire haƙori. Na kama hannun Abban yara na ce a kai ni asibiti, shi kuma yana ta ƙyaƙyata dariya.

Ɗalibi a Wuhan:
Hajiya, sannu. Wannan ƙwayar yajin Sichuan ce, hwajiyaw suke ce mata, ba ta cikin dangin barkono, aikinta ke nan ta kashe baki na 'yan mintoci. Awarar kuma mapo tofu ce. Amma in za ki sake, ki tambayi niƙaƙƙen naman da ke ciki, asalinta da na shanu ake yi amma wurare da yawa na alade suke sawa.

Wannan ya kawo ni ga abin da nake so Yaron Shago ya riƙe. Shekarata ta farko na haddace "bu yaw ju row", wato ba na son naman alade, na ɗauka na gama tsira. Akwai wani shago a ƙasan benenmu, na yi wata biyu ina cin soyayyen ganye da shinkafa da ƙwai, matar tana min fara'a, tana ƙara min shinkafa kyauta. Wata rana na leƙa kicin zan karɓi cokali, sai na ga mijin ya ɗebo wani farin abu daga gwangwani ya jefa a kasko kafin ya zuba ganyen. Na tambayi abokina ɗan ƙasar, ya ce man alade ne, shi ke sa ganye daɗi. Wallahi ba cuta ta suka yi ba, nama na ce ba na so, ba su ba ni nama ba. A wajensu mai ba nama ba ne. Ga kuma kasko ɗaya ne ake soya komai, a ɗauraye shi da ludayin ruwa a ɗora na gaba. Ga giyar girki ta Shaoxing da ake tsiyayawa a kifi da kaza don kashe ƙarni. Ita kanta kazar wa ya yanka? Tun ranar na koma shagon masu koren allo, ko kantin Musulmi na makaranta, jami'o'i da yawa suna da shi.

Bakatsine a Ingila:
To ku ka ji, mu nan na unguwarmu ko kujerar kirki babu, benci ɗaya ne da kanta, ka yi oda ka tsaya a miƙo maka a leda. Abincin ma an juya shi ya koma bakin Turawa, har soyayyen dankali da miyar kori suke sayarwa. Ni ƙa'idata kifi, jatan lande, ƙwai. Na tambayi mai shagon, ya ce man gyaɗa da na kayan lambu yake amfani da shi, na yarda da shi na ci. In mutum ya ce sai ya binciki kowane kasko a ƙasar nan, yunwa ce za ta kashe shi.

Ɗalibi a Wuhan:
Yaya, a wajenka da uzuri. Shi wanda zai sauka Xiaobei fa kowane lungu akwai na Musulmi, me zai kai shi ga shubuha?

Bakatsine a Ingila:
Ban ƙi taka ba. Hukuncin a bar wa malamai, ni abin da na yi na faɗa.

Hajiya Mai Atamfa:
Ku bar gardama ku gaya wa yaro abin da zai ba shi kunya a gaban mutane, shi ne abin da ba a faɗa. Zuwana na farko wani mai masaƙa da muke sayen kaya a hannunsa ya ce sai ya kai mu cin abinci, kuma ya yi mana kara ya zaɓi na Musulmi, na 'yan Xinjiang. Muna zama aka ajiye butar shayi da wata roba babba babu komai a ciki. Ni da ƙishirwa, na tsiyaya na kurɓe. Ina ɗago kai na ga kowa yana ɗauraye kofinsa da kwanonsa da tsinkayen cin abincinsa da shayin nan, yana juyewa a robar. Al'adar mutanen Gwanzu ce, zubin farko na wanki ne. Ba wanda ya ce min uffan, wannan shirun ya fi dariya ciwo.

Na biyu, da tsinkayen suka gagare ni sai na soke su a tsakiyar shinkafa suka tsaya cak, na shiga neman cokali. Matar mutumin ta miƙo hannu a hankali ta zare su ta kwantar a gefen kwano. Daga baya tafinta ya ce min haka ake kafa turaren tsinke a gaban mamaci, ba a yi a kan tebur. Ka nemi cokali kai tsaye, babu wanda zai raina ka, su ma da cokali suke shan romo.

Amma abincin, kai! Tsirensu na rago kamar ka ce a Sabon Gari aka gasa, da kitse tsakanin tsoka, sai dai babu ƙuli, wani yaji ne mai ƙamshi da barkono. Da gurasarsu ta tanderu, nang suke ce mata, 'yar'uwar tamu ce sai dai ta fi tauri. Sai wani faranti kamar murfin tukunyar biki, kaza da dankali da tattasai, dafanji, in an ci rabi a kawo faffaɗar taliya a juye cikin romon. Kazar da ƙashinta ake sara ta gutsi-gutsi, ka ci a hankali. Shinkafa ba ta zuwa sai ka roƙa, a wajen walima ita ce ƙarshe, ni kuwa ina ta jira a kawo "abincin" ashe an kusa tashi. Teburin mai juyawa ne, kada ka juya shi wani yana cikin ɗiba. In aka zuba maka shayi ka ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu, godiya ke nan. Kuɗi kuwa, na zaro jaka don in yi abin arziki, mutumin nan ya tare ni kamar za mu yi dambe. Wanda ya gayyata shi ke biya, ka ɗan yi jayayya don kara sannan ka bari. Kuma ba a barin tukuici a kan tebur, yaron shago zai biyo ka da gudu ya ce ka manta canji.

Ɗan Damagaram:
Mu nan tun da aka buɗe matatar mai a 2011 muka saba da 'yan Chana. Na yi tuƙi ga wasunsu wata takwas. Abin da ya fi ɗaure min kai ruwan zafi, rana tana dukan tsakiyar kai mutum ya cika gorarsa da ruwan zafi yana kurɓa. Ƙarfe goma sha biyu daidai kuma ko me ake an ajiye, sai an ci. Mai dafa musu ya koya min cin ganye rabin dahuwa, da ƙyar maiɗakina ta yarda kabeji yana ciwuwa yana ƙaras-ƙaras.

Maman 'Yan Biyu, Abuja:
Ni farin magi nake tsoro, an ce da shi suke cika abinci.

Alhajin Takalma:
Hajiya, wanne gida ne a Kano babu farin magi a kicin? Asalinsa ma na Japan ne, ba nasu ba. In ba kya so akan ce kada a sa.

Bari in ƙarasa wa yaro nawa. A shagon Musulminsu ba a shiga da abincin waje ko giya, wasu har rubutawa suke a bango. Ban sani ba, na zaro kwalbar yajin ƙuli zan barbaɗa a taliya. Uban ya taso fuska a murtuke, yana kaɗa hannu yana faɗa da yarensu. Na rasa ta cewa, sai na nuna ƙirjina na ce "Musilin", na yi masa sallama cikakkiya, na karanto Fatiha. Ban kai rabi ba ya kama tare da ni, da irin karatunsu mai kaɗa harshe. Ya karɓi kwalbar ya shinshina, ya lasa, ya yi atishawa sau uku, ya kira matarsa ita ma ta lasa. Ranar Juma'a shi ya kwatanta min motar da zan hau zuwa masallacin da ke kusa da tashar jirgin ƙasa, inda akwai kabarin da mutanen can ke dangantawa da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, ko da yake a littattafanmu a Baƙi'a aka binne shi. Ka je ka gani, bayan an idar da salla ga masu tsire da gurasa nan a waje. Yanzu duk tafiya sai na kai wa tsohon kwalba biyu, ya ware min kujerar kusa da fanka.

Abu ɗaya: ka sa maigidanka ya buɗe maka Alipay ko WeChat kafin ku fita yawo. Komai da waya ake biya, in ka miƙa takardar ɗari sai a shiga neman canji gida-gida.

Yaron Shago, Kwari:
Na gode ƙwarai iyayena da yayyena, Allah Ya saka da alheri. Na ajiye hoton haruffan. Kilishi ƙannena sun riga sun far masa tun kafin in gama karanta saƙon Alhaji. Na samo fensir biyu ina gwada ɗaukar gyaɗa da su, tun la'asar guda huɗu na kai baki. Alhaji, yajin da kake kai wa tsohon mai citta ne ko na ƙuli zalla? Inna ta ce gobe za ta daka.