Musayar Waƙa: Tsuntsayen Bazara a Gaɓar Dungeness

Ɗalibi daga Kent:

Assalamu alaikum. Jiya da asuba na je Dungeness, wani tsinin ƙasa mai tsakuwa zalla a gundumar Kent da ke kudu maso gabashin Ingila, inda aka kafa tashar lura da tsuntsaye tun 1952. Ga abin da idona ya gani, kuma ina roƙon manya su amsa mini da amsa-amon "wa".

Na yi sammako bakin teku, iskar Afrilu tana kaɗawa,
Ga hasumiyar jiragen ruwa can nesa tana haskawa.
Sai ga tsattsewa uku daga wajen Faransa suna tahowa,
Ƙasa-ƙasa bisa ruwa, ba su ko tsaya hutawa.
Akwai ɗan tsuntsu mai farin ƙugu, wheatear suke cewa,
Tun watan Maris yake riga 'yan'uwansa isowa.
Nauyinsa kamar giram 25, amma Sahara yake ƙetarewa.
Mutanen nan suna murna, wai nasu ne ke dawowa.

Malama daga Nguru:

Ɗana, na ji baitocinka, sai dai akwai abin gyarawa,
Waɗanda suke kira nasu, a wurinmu suke yin ƙiba da murmurewa.
Wasunsu duk tsawon hunturu a dausayin Haɗejiya da Nguru suke sakewa,
A Dagona na gan su da idona, cikin ciyawar ruwa suna kwanciya da tasowa.
Kafin su tashi sai sun ci ƙwari har kitse ya yi taruwa,
Wasu nauyinsu yakan kusa ninkawa,
Domin kitsen nan shi ne guzurin hamada, inda babu ruwan kurɓawa.
Can dai suke ƙyanƙyasa, wannan ba na musantawa,
Amma wanda ya ɗaura wa matafiyi guzuri, ai bai cancanci mantawa ba, balle sharewa.

Dattijo daga Damagaram:

Malama ta yi gaskiya. Ni kuwa baitocinta sun tuna mini da shekarun fari.

A 1968 damina ta gaza a Sahel, muna yara muna ganin gero yana bushewa,
Da bazarar 1969 ta zo, Ingila ta yi jiran baƙinta har ta gaji da dubawa.
Ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, fiye da rabinsu ba su samu komawa ba, sun yi salwancewa.
Masana suka bi sawu, suka tarar a ƙasarmu ne abin ya faru, ba a can Turai ba wurin haifuwa.
Farin 1973 da ya kashe mana shanu, su ma bai bar su ba da tsirawa.
Yaro, ka duba mini kurciyar Turai, wadda na ji ta kusa ƙarewa,
Ko har yanzu akwai mai jin kukanta a Kent idan hantsi yana dubawa?

Ɗalibi daga Kent:

Baba, ban ji kurciya ba jiya, sai ƙarshen Afrilu ko Mayu take sauka, in da rabon ganawa.
Amma akwai wasu matafiyan dare da ban ambata ba tun da farawa,
Malam-buɗe-littafin dare, masu bin fitila suna kewayawa.
Akwati ake ajiyewa da ƙwan lantarki a kai, a bar shi har wayewa,
A jera kwalin ƙwai a ciki, su shiga lungunansa suna laɓewa.
Da safe a ɗaga kwalin a hankali, a ƙirga, a rubuta, sannan a sake su cikin ciyawa.
Na riƙe wani a tafin hannuna, toka-toka, fiffikensa yana karkarwa,
Da ɗan zanen azurfa kamar harafin y, shi ma daga kudu yake ƙetarowa.
Akwai wani kore shar, Sussex Emerald, sai Yuli yake fitowa,
Tsutsarsa karas ɗin daji take ci, cikin tsakuwar nan take girma da rayuwa.

Malama daga Nguru:

Ɗana, wannan na kwalin ƙwai ya burge ni, zan gwada da ɗalibaina idan damina ta fara sauka da zubowa.
Yanzu shamuwa muke jira, ita tamu ce, ba ta san hanyar Turai ba ko da ratsawa.
Na ji a tasharku akan kama tsuntsu da raga, a sa masa zobe mai lamba a ƙafa kafin sakewa.
Na gaya wa yaran unguwarmu masu danƙo su daina harbin 'yan tsuntsayen bakin ruwa,
In kuma sun tsinci mai zobe a mace, su kawo mini lambar don karantawa.
Ka tambayar mini ma'aikatan tashar adireshin da zan yi aikawa.