Neman shawara: yadda mu goma sha ɗaya za mu je zamiyar ƙanƙara a Ostiriya daga Munich da ƙaramin kuɗi

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mu ɗalibai ne goma sha ɗaya a birnin Munich, 'yan Najeriya da Nijar da kuma mutum biyu daga Ghana, muna so mu tsallaka Ostiriya mu yi kwana biyu a duwatsun Tirol domin mu gwada wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara kafin hunturu ya wuce. Mutum biyu ne kawai a cikinmu suka taɓa yin wasan. Karo-karo za mu yi, kuma aljihun ɗalibi kowa ya san shi. Kanmu ya rabu: wasu suna ganin mu ɗauki hayar mota, wasu kuma sun fi son jirgin ƙasa. Muna roƙon waɗanda suka riga mu zama a ƙasar nan su nuna mana hanyar da ta fi sauƙi, da garin da ya dace da 'yan koyo.

Malam na Rosenheim:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin ku yi maganar mota, ku fara tambayar junanku mutum nawa ne ke riƙe da Deutschlandticket, wato tikitin wata-wata na jiragen yanki da bas a faɗin Jamus, domin ina kyautata zaton yawancinku kuna da shi, tunda ɗalibai a jihar Bayern suna samunsa a farashi mai rangwame. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne tikitin yana aiki har tashar Kufstein da ta Salzburg, waɗanda duk a cikin Ostiriya suke, haka kuma yana aiki a layin da ya tashi daga Garmisch-Partenkirchen ya bi ta Ehrwald da Lermoos zuwa Reutte. Wannan layin nake ba ku shawara ku bi. Daga babbar tashar Munich zuwa Ehrwald kimanin sa'a biyu ne, garin yana gindin dutsen Zugspitze, kuma filin Ehrwalder Alm yana da gangara masu faɗi marasa tsanani da suka dace da mai koyo.

Waɗanda ba su da tikitin sai su haɗu su sayi Bayern-Ticket guda, wato tikitin yini ɗaya na jihar Bayern, wanda yake ɗaukar har mutum biyar, su rubuta sunayensu a kansa kafin su shiga jirgi. Ranar aiki yana fara aiki da ƙarfe 9 na safe, amma Asabar da Lahadi tun tsakar dare. Sai dai ku kula, dukkan tikitocin biyu na jiragen yanki ne kawai, don haka wanda ya faɗa jirgin nesa mai gudu irin su ICE ko Railjet saboda gaggawa zai biya da aljihunsa.

Direban Augsburg:

Malam ya yi gaskiya a kan jirgi, amma ni na fi sanin mota, bari in faɗi nawa. Babbar motar da lasin tuƙi na yau da kullum ya halatta tana ɗaukar mutum tara har da direba, ke nan ku goma sha ɗaya sai kun ɗauki biyu, direbobi biyu, mai na mota biyu, da kuɗin ajiya biyu da kamfani zai riƙe a katin banki. Lasin Najeriya ko na Nijar kuwa wata shida kawai yake aiki bayan mutum ya zauna a Jamus, kuma wasu kamfanonin suna ƙara kuɗi idan direba matashi ne. Dole ku gaya musu za ku fita da motar daga ƙasar, ku kuma tabbata tana da tayoyin hunturu, domin dokar Ostiriya ta wajabta su daga 1 ga Nuwamba zuwa 15 ga Afrilu idan hanya tana da ƙanƙara. Ga kuma kuɗin babbar hanya da ake biya a Ostiriya, ko da yake guntun da ya tashi daga iyaka zuwa kudancin Kufstein an yafe shi. Mota tana da rana idan masaukinku yana nesa da tasha ko kuna da buhunan abinci. In ba haka ba, ni da nake son sitiyari ma jirgi zan ce ku bi.

Hajiya Maman Yara:

'Ya'yana, kuna ta lissafin kuɗin hanya, alhali shi ne mafi ƙanƙanta a tafiyar. Abin da ke cinye kuɗi shi ne tikitin lif mai hawa da ku dutse, da hayar kayan zamiya da takalmansu da hular kwano, da kuɗin mai koyarwa, sannan masauki. Ku tara da ba ku taɓa yi ba, kada ku sayi tikitin yini na dukkan dutsen a ranar farko, domin yawancin ranar a ƙaramar gangarar koyo za ku ƙare kuna faɗuwa kuna tashi. Ku tambayi tikitin 'yan koyo ko na rabin yini, kuɗin da ya ragu ku haɗa shi ku ɗauki mai koyarwa guda na sa'a biyu ko uku. Abokin da ya iya ba lallai ne ya iya koyarwa ba. Na ga wanda ya haura da ƙaninsa can sama da safe, yaron ya zauna a kan ƙanƙara ya ƙi motsi, daga ƙarshe ya cire kayan ya sauko da ƙafa a cikin takalman nan masu nauyi, ranar ta tafi a banza.

A kan masauki, ku nemi gidan haya mai kicin maimakon otal. Za ku dafa shinkafarku da miyarku, ku huta da tsadar gidajen abinci na kan dutse, inda naman alade yake shiga abinci da yawa har da miyar da ba za ku yi zato ba. Ku tambayi mai gida jimillar kuɗi tun farko, domin akwai harajin baƙi da ake biya a kan kowane mutum kowane dare, da kuɗin share gida na ƙarshe, kuma ba kullum suke fitowa a farashin da aka tallata ba. Ku karɓi katin baƙi daga hannunsa, a garuruwa da yawa yana ba da damar shiga bas kyauta. Ku guje wa makon Kirsimeti da sabuwar shekara da hutun makarantu na Fabrairu. Bayan 6 ga Janairu farashi yakan sauka, kuma a 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa cikin Fabrairu da Maris, don haka Janairu ya fi muku ta kowace fuska. Rigar sanyi da wando da safar hannu kuwa ku aro ko ku sayi gwanjo.

Mai tambaya:

Mun gode, Hajiya, Allah Ya saka da alheri. Akwai ɗaya daga cikinmu da katin zamansa ya ƙare, yana riƙe da takardar wucin gadi yana jiran sabo. Shin zai iya bin mu?

Malam na Rosenheim:

Wannan ce ya kamata ta zo farko. Jamus tana binciken takardu a iyakarta da Ostiriya tun shekarar 2015, 'yan sanda suna shiga jirgi a hanyar dawowa, kuma kowa ya san irin fuskokin da aka fi tambaya. Kowannenku ya riƙe fasfo da katin izinin zama tare, na asali, ba hoto a waya ba. Shi kuwa mai takardar wucin gadin da ake kira Fiktionsbescheinigung ya duba akwatin da aka yi wa alama: idan sakin layi na 4 na sashe na 81 na dokar zaman baƙi ta Jamus ne, yana iya fita ya dawo muddin takardar da fasfonsa ba su ƙare ba, idan na 3 ne, ba ta ba shi damar komowa. Mai neman mafaka da mai takardar Duldung, wato ta dakatar da korar mutum daga ƙasar, kada su tsallaka ko kusa. Abokin naku ya rubuta wa ofishin baƙi ya samu amsa a rubuce kafin ya saka kuɗinsa a karo-karon.

Ma'aikaciyar jinya:

Yaya, ƙari ɗaya daga gare ni. A bayan katin inshorar lafiyarku ta gwamnati akwai tambarin Turai, wanda zai sa a duba ku a asibitin gwamnati a Ostiriya, amma ɗauko mutum daga kan dutse da jirgi mai saukar ungulu yakan kai dubban Yuro, kuma inshorar ba ta cika biyan wannan ba. Inshorar tafiya ta shekara ba ta da tsada, sai dai ku karanta ku tabbata ta haɗa da ceto a kan dutse. Kasancewa ɗan ƙungiyar masu hawan duwatsu ta Jamus, wato DAV, shi ma yana zuwa da irin wannan kariyar. Sannan ku naɗa ma'aji guda, kowa ya biya kafin alƙalami kafin a kama gida, kuma a amince tun yanzu cewa wanda ya fasa daga baya kasonsa na masauki yana kansa, sai idan ya kawo wanda zai maye gurbinsa.