Neman shawara: ana so in ajiye aiki bayan na sanar da juna biyu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni mai karɓar kuɗi ce a wani babban kanti a cikin garin Gombe, kuma tunda na fara aiki ba a taɓa ba ni takardar gargaɗi ba. Da cikina ya kai wata biyar na kai wa manaja takardar asibiti, ba a jima ba aka ce ciniki ya ja baya, in rubuta takardar ajiye aiki da hannuna, alhali an riga an ɗauko wani saurayi ana koya masa aikina. Ta yaya zan tabbatar cewa cikin ne dalili, tunda babu wanda ya faɗa a rubuce?

Wani lauya daga Bauchi: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kada ki sa hannu a wannan takarda, domin da ita za su ce ke kika tafi don kanki. Da wuya mai aiki ya furta cewa ciki ne dalilin kora, saboda haka abin da kotu take dubawa shi ne yadda abubuwa suka biyo juna: ranar da kika sanar, ranar da aka sauya miki fuska, da kuma ɗaukar wani a gurbinki, wanda shi kansa ya raunana zancen rashin ciniki. Ki adana takardar ɗaukar aiki, shaidar biyan albashi da saƙonnin WhatsApp, kuma kada ki rabu da wayar, domin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya gindaya sharuɗɗa kafin a karɓi shaidar na'ura. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumi, bisa sashe na 254C na tsarin mulki.

Wata tsohuwar 'yar ƙungiyar ƙwadago: 'Yata, sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ya ba ki hutun mako 6 kafin haihuwa da mako 6 bayanta, da aƙalla rabin albashi idan kin yi wata 6 a jere kina aiki, ya kuma hana a ba ki takardar kora cikin hutun. Wannan ne ya sa wasu suke gaggawar rabuwa da mace tun kafin lokacin ya zo. Ki aika wa manajan saƙo cikin ladabi, ki maimaita abin da ya gaya miki, ki nemi dalili a rubuce.

Wata 'yar uwa: Anti ta yi gaskiya, sai dai kada ki dogara da abokan aiki su yi miki shaida, domin kowa yana tsoron rasa abincinsa. Idan kuɗin lauya ne matsala, ki tuntuɓi ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam. Allah ya raba lafiya.