Sayayyar wata a Jos: wace kasuwa za mu nufa?

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Mu huɗu ne a layinmu nan Kubwa muka haɗa kuɗi, muna so duk ƙarshen wata mu riƙa hawa Jos mu sayo kayan lambu mu raba. Wannan ne zuwan farko. Ina za mu dosa?

Anti ta Rikkos: Wa alaikumus salam. Farin Gada kai tsaye, ƙanwata. Kabeji, karas, latas, koren wake, koren tattasai, tumatir, duk can ake sauke su. Amma ku kwana a gari ku yi sammako, don kafin hantsi masu lodin Kudu sun kwashe na kirki. Ku riƙo rigar sanyi, Jos kan tudu take, tsayinta daga teku ya haura mita 1,200, asubar nan ba ta Abuja ba ce.

Baban Khalifa: Hajiya, in dankalin Turawa ne babban abin da kuke so, asalinsa Bokkos da Mangu da Barkin Ladi ne. Kasuwar Mangu ranar Juma'a take ci, ga masara ma.

Anti ta Rikkos: Malam, zuwan farko kuma mata zalla, ni ban ba su shawarar fita ƙauye ba. Abin da za su rage a farashi mota za ta cinye. Su fara sanin cikin gari.

Baban Khalifa: Haka ne kuma, Anti.

Kakar Yara: 'Yata, ga abin da na koya da asarata. Na taɓa sayen buhun dankali, sama manya, ƙasa duk ƙanana da masu tabo. Ki ce a juye miki a ƙasa ki gani, mai kayan kirki ba ya ƙi. Ki murza dankalin da babban yatsa, in ɓawon ya saluɓe bai ƙosa ba, ba zai yi miki wata ba. Wanda ya yi kore ki bar shi. A gida ki baza shi a inuwa inda iska ke shiga, ban da leda, ban da kusa da albasa. Latas kuwa na kwana biyu kawai za ki saya, zafin Abuja ba ya raga masa.

Maman 'Yan Biyu: Allah ya saka, Mama. Sitiroberi fa? Yara sun dame ni.

Anti ta Rikkos: Wajen Vom ake nomansa, musamman Chaha, kuma lokacin sanyi ne. Shi za ki saya ƙarshe, ki riƙe a cinya. Ki haɗo da acca mudu biyu, zan koya miki gwate.

Baban Khalifa: In za ku koma, ku gangara Hawan Kibo, gangaren nan na hanyar Jos zuwa Akwanga, da sauran rana, kuma direba ya duba birki tunda da kaya za ku dawo.

Maman 'Yan Biyu: In sha Allahu. Anti, zan kira ki in mun wuce Akwanga.